Ƙattin Bairos: Ina Asalinsu, Kuma Wa Zai Leƙa Ruwan Tiga da Riruwai?

Akwai wata gardama da ke gudana tsakanin masana ilmin halittu tun shekarar 2003, har yau kuwa ba ta lafa ba, mu ɗaliban ƙasar nan muna gefe muna kallo kamar baƙin da aka kai biki garin da ba su san kowa ba. Gardamar a kan wasu halittu ce da ake kira ƙattin bairos, watau ƙwayoyin bairos waɗanda girmansu ya wuce duk iyakar da littattafan makaranta suka yanka wa bairos. Tambayar da ta raba kawunan malaman ita ce, daga ina waɗannan ƙatti suka taso? Ra'ayina a wannan maƙala kashi biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya. Na farko, hujjar da ke hannu yanzu ta fi nuna cewa ƙaton daga ƙarami ya taso, ya yi ta tsince-tsince har ya ƙasaita. Na biyu, wannan gardama da kwalbar ruwa ake ciyar da ita gaba, mu kuwa Allah ya hore mana ruwa a kudancin Kano, tun daga madatsar Tiga har ramukan kuza na Riruwai, sabo da haka ba mu da hujjar zama 'yan kallo.

Rariyar da ta ɓoye ƙato

Domin 'yan'uwanmu da ke karatun shari'a ko tarihi ko sha'anin mulki, bari mu fara daga tushe. Kowane mai rai, mutum ne ko dawa ko bakteriya, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin rai waɗanda masana ke kira sel. A cikin kowane sel akwai kundin gado, wanda aka rubuta da sinadarin DNA da haruffa iri huɗu kacal. Kundin nan ya kasu babi-babi, kowane babi shi ne ƙwayar gado guda, kuma galibinsu umarni ne na yadda za a haɗa furotin iri kaza. Akwai kuma wata 'yar masaƙa a cikin sel, sunanta ribosom, ita ce ke karanta umarnin ta saƙa furotin. To, bairos ba shi da wannan masaƙa. Kundi ne kawai a cikin kwanso. In bai sami sel ɗin da zai kutsa ya ƙwace masaƙarsa ba, ba ya ci, ba ya girma, ba ya hayayyafa.

Yadda aka fara gano bairos shi ne ya jawo makantar da ta biyo baya. A 1884 wani Bafaranshe, Charles Chamberland, ya ƙera mataci na tangaran wanda bakteriya ba ta iya wucewa ta cikinsa. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da irin wannan mataci, sai ya ga ruwan da ya zurare yana nan da ƙarfin harbin lafiyayyen ganye. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya tabbatar cewa wani sabon abu ne daban da bakteriya. Tun daga ranar aka ɗauka cewa bairos shi ne abin da ke zurarewa ta rariya. Shekara ɗari ke nan, duk mai neman bairos a ruwa sai ya fara tacewa, ya riƙe abin da ya wuce, ya zubar da abin da ya tsaya. Kamar mai tankaɗe ne da ya rantse cewa babu tsaki a duniya, alhali kuwa kullum shi ke kwashe tsakin daga kan rariya yana watsa wa kaji.

A 1992 wani masani mai suna Timothy Rowbotham yana binciken ɓarkewar ciwon huhu a garin Bradford na Ingila, sai ya ɗebo ruwa daga wata hasumiyar sanyaya ruwa. A ciki ya sami amiba, watau wata halitta mai sel guda da ke rayuwa a ruwa da danshin ƙasa tana haɗiye bakteriya, a cikin amibar kuma ya ga wasu ƙwayoyi zagayayyu. Da yake ana ganinsu da madubin ƙara girma na yau da kullum, sai aka ɗauke su bakteriya. Aka ajiye su wajen shekara goma ana ta gwaji ba su amsa ba. Sai a 2003 ne Didier Raoult da Bernard La Scola da abokan aikinsu a birnin Marseille na Faransa suka bayyana cewa ashe bairos ne. Suka raɗa masa suna Mimibairos, watau mai kwaikwayon bakteriya.

Da aka karanta kundinsa a 2004 sai mamaki ya ƙaru. Bairos ɗin shan-inna haruffansa wajen 7,500 ne. Na korona wajen 30,000. Na agana, wanda da ake ganin babba ne, wajen 186,000. Mimi kuwa haruffansa sun kusa 1,200,000, ƙwayoyin gadonsa wajen 1,000, ya ninka wata bakteriya mai suna Maikofilazma wadda nata haruffan 580,000 ne. Daɗin daɗawa, an sami wasu kayan saƙar furotin a kundinsa, irin waɗanda a da aka ɗauka sel ne kaɗai ke da su.

Da idon masana ya buɗe, sai ƙatti suka yi ta fitowa. A 2008 aka sami wani ɗan ƙaramin bairos, Sputnik, wanda shi kuma ƙaton yake kamawa ya raunana shi, watau ciwo ma yana da nasa ciwon. A 2013 Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel suka fito da Fandorabairos, ɗaya daga laka a gaɓar tekun Chile, ɗaya daga wani kududdufi kusa da Melbourne a Ostareliya. Na Chile haruffansa sun kusa 2,500,000, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa ba su yi kama da na kowace halitta da aka sani ba. A 2014 suka farfaɗo da Fitobairos daga daskararriyar ƙasar Siberiya mai shekara 30,000, ya tashi ya kama amiba kamar jiya ya kwanta. A 2018 masanan Birazil suka kawo Tufanbairos mai wutsiya, wanda ke da dukkan sinadarai 20 da ke ɗora tubalan furotin a kan hanyarsu ta zuwa masaƙa. Masaƙar kanta ce kurum ba shi da ita.

Gado ko tsintuwa?

Nan ne malamai suka rabu. Ƙungiya ta farko ta ce ƙattin nan zuriyar wata tsohuwar halitta ce mai cikakken sel, wadda ta koma cin gumin wasu, sai ta yi ta zubar da kayanta har ta zama bairos. Bisa wannan ra'ayi, kayan saƙar da aka gani a kundinsu ragowar dukiyar kakanni ce, kamar gidan sarauta da ya rushe aka bar soro. Tun da Carl Woese ya kasa masu rai gida uku, watau bakteriya, da arkiya, da masu cibiyar sel irinmu, sai Raoult da magoya bayansa suka ce ga gida na huɗu an gano.

Ƙungiya ta biyu, wadda Eugene Koonin da Natalya Yutin da David Moreira da Purificación López-García ke cikinta, ta ce a'a. Kakan ƙattin nan bairos ne madaidaici mai ƙwayoyin gado 'yan gomiya kaɗan, jikokinsa ne suka yi ta kwasar ƙwayoyin gado daga halittun da suke kamawa, suna kuma ninka nasu na gida, har wasunsu suka kumbura.

Ni ina bayan ƙungiya ta biyu, ga kuma dalilaina.

Dalili na farko shi ne shaidar kayan da kansu. In amarya ta gaji kwanuka daga ɗakin kakarta, za ka ga saiti guda ne, zane ɗaya, tambarin maƙera ɗaya. In kuwa ɗai-ɗai aka tara su, wannan daga Kurmi, wancan daga Kwanar Dangora, kowanne da nasa tambarin zai zo. Haka ƙwayoyin gado suke, ana iya kwatanta haruffansu a gane danginsu. A 2017 Frederik Schulz da Tanja Woyke suka binciki Kilosnubairos, wanda aka samo daga matatar ruwan ƙazanta a garin Klosterneuburg na Ostiriya. Yana da kayan saƙa masu yawa ƙwarai, har ya zama kamar shi ne zai tabbatar da gida na huɗu. Amma da aka bi salsalar kayan ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga yawancinsu daga halittu daban-daban aka samo su, a lokuta daban-daban. Kayan tsintuwa ne, tambarinsu ya tona asiri.

Dalili na biyu, ƙattin ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Binciken salsala ya nuna cewa Fandora ya fi kusa da wasu matsakaitan bairos masu kama gansakukar ruwa fiye da yadda yake kusa da Mimi. Fito shi ma reshensa daban, kuma ko da yake jikinsa ya fi na Fandora tsawo, haruffansa wajen 600,000 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce ƙasaita ta auku fiye da sau ɗaya, a rassa daban-daban, kowane reshe yana da ƙanana a gindinsa. Da daga babban kaka ɗaya suka zube, da ba haka bishiyar za ta tsaya ba.

Dalili na uku, an ga abin yana aukuwa a ɗakin gwaji. A 2011 aka ba da labarin Mimi da aka yi ta renonsa cikin amiba tsantsa, babu bakteriya babu abokin takara, har zubi 150. Da aka sake karanta kundinsa sai aka tarar ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin shida. A 2012 kuma Nels Elde ya nuna cewa in aka takura wa bairos ɗin da ake rigakafin agana da shi, sai ya ninka wata ƙwayar gado tasa sau da yawa har ya sami mafita, sa'an nan ya rage. Ashe kundin bairos kamar zugazugin maƙeri yake, yana buɗewa yana tsukewa gwargwadon bukata.

Akwai kuma dalilin da ya sa cikin amiba ne ƙatti suka fi yawa. Amiba ba ta haɗiyar abu sai ya kai girman bakteriya, sabo da haka girma shi ne tikitin shiga. Cikinta kuwa kasuwa ce, ga bakteriya da ta haɗiya, ga wasu bairos, kowa da kundinsa a buɗe. Wanda ya daɗe a irin wannan kasuwa ba zai fita hannu rabbana ba.

Adalci ya wajabta a faɗi inda ƙungiya ta farko ke da ƙarfi. Ƙwayoyin gadon Fandora da ba su da dangi ko'ina, daga wa aka tsince su? Claverie da Abergel sun kawo shawara a 2018 cewa bairos ɗin da kansa yake ƙirƙiro sababbi daga filin da ke tsakanin babi da babi. Har ila yau, wani bincike na 2019 ya nuna cewa zuriyar nan tsohuwa ce ainun, ta riga rabuwar dabbobi da tsirrai nesa ba kusa ba, kuma mai yiwuwa musayar kaya ta bi ta hanya biyu, su ma sun ba kakannin sel wani abu. Bairos ɗin Medusa da aka samo a wani marmaro mai zafi a Japan a 2019 yana da irin sinadaran da sel ɗinmu ke naɗe kundinsa a kansu. Duk wannan ya nuna cewa ƙarami ɗin da nake magana a kansa tsoho ne mai dogon tarihi. Amma tsufa daban, zama gida na huɗu daban, kuma har yau ba a sami ƙato ko ɗaya mai cikakkiyar masaƙa ba.

In wani ɗan'uwa ya ji kalmar sauyawar halitta ta tsaya masa a rai, to, ya tuna da kulorakwin. Iyayenmu sun sha ta sun warke daga zazzaɓin cizon sauro, daga baya ƙwayar cutar ta sauya har maganin ya daina cinta, gwamnati ta canja magani a 2005. Irin wannan sauyin ne ake aunawa a nan, da haruffa da lissafi, kuma duba cikin hikimar halitta bai taɓa rage wa mai hankali komai ba.

Dangin agana

Watakila mai karatu ya ce, to, mun ji, amma ina ruwan mutumin Daɗin Kowa ko Burji da abin da ke cikin amiba? Amsar tana kan fuskokin tsofaffinmu masu zanzana, da kuma damatsan iyayenmu masu tabon lamba. Tun a 2001, kafin a san Mimi bairos ne, Lakshminarayan Iyer da L. Aravind da Koonin suka nuna cewa bairos ɗin agana, da na zazzaɓin aladu na Afirka, da wasu masu kama kifi da kwaɗi, da masu kama gansakuka, duk kakansu ɗaya. Da Mimi da Fandora da Fito suka bayyana, cikin wannan dangi suka faɗa. Agana ƙanwar ƙattin nan ce, ko 'yar baffansu.

Mun san agana, ita ma ta san mu. Gangamin kawar da ita daga ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya fara a 1967, kuma a Nijeriya ne aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a yankin, a 1970. A Somaliya aka ga wanda ya kamu da ita na ƙarshe ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi shelar ƙarewarta a 1980. Amma dangin bai ƙare ba. Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa a 2017 bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba, a 2022 kuma ta bazu ƙasashen duniya. Masana sun danganta wannan da cewa an daina yin lamba, wadda da take ba da kariya daga cututtukan biyu, mu 'yan baya duk ba mu da ita. Ƙurajen da ke fito wa kaji a tukku da baki, da agana ta tumaki da awaki, da ciwon da ke tayar wa shanu kulu-kulu a fata, duk 'yan gidan nan ne. Bafulatanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore ya san ɓarnarsu fiye da kowane farfesa.

Dabarar da ta ƙasaita ƙatti, ita ce dai dabarar da waɗannan cututtuka ke yaƙar mu da ita. Dangin agana suna ɗauke da kwafin wasu ƙwayoyin gado na dabbobin da suke kamawa, suna amfani da su wajen ruɗa garkuwar jiki. Wanda ya fahimci yadda bairos ke tsintar kaya, da ninka su, da zubar da su, ya kama hanyar fahimtar yadda cutar dabba ke koyon kama mutum. Sai dai kada a tsorata jama'a a banza: ƙattin da ke cikin amiba ba a tabbatar suna sa wa mutum ciwo ba. Darajarsu a wurinmu ita ce ta madubi, wanda ke nuna halin dangin duka da manyan haruffa.

Taswirar kwalabe

Yanzu mu dubi inda aka samo su: Bradford, Faris, Chile, Melbourne, Siberiya, Ostiriya, Birazil, Japan. Shin ƙatti sun fi son waɗannan wurare ne? Ko kusa. Amiba tana cikin kowane kududdufi da kowace fadama a duniya. Taswirar ƙattin bairos taswira ce ta wuraren da wani ya sunkuya ya cika kwalba. A 2020 wani bincike guda ya tattaro kundaye fiye da 2,000 na wannan dangi daga samfuran ruwa da ƙasa na sassan duniya, abin da ya nuna cewa waɗanda aka kama a hannu ɗigo ne a cikin kogi. Kuma mun ga yadda kowace sabuwar kwalba ke juya gardamar: Fandora ya ƙarfafa wancan ɓangare, Kilosnu ya ƙarfafa wannan.

Afirka ta shiga labarin, amma ta ƙofar baya. An sami wani bairos na wannan dangi a samfurin da aka ɗauko daga Sanagal, aka ba da labarinsa a 2012 da sunan ƙasar. A 2015 aka bayyana Faustobairos, wanda aka samu a ruwan kwatami na Marseille da na Dakar, ga shi kuwa ɗan'uwan zazzaɓin aladu ne na kusa. An sami wasu a Tunisiya da Aljeriya. Amma galibin wannan aiki a ɗakunan binciken Marseille aka yi shi. Kwalbar tamu, ɗakin gwajin nasu, sunan da ke kan takarda ma yawanci nasu. Ku kwatanta da Birazil, inda Jônatas Abrahão da ɗalibansa a Jami'ar Minas Gerais suka tsaya a gida suka yi ta ɗiban ruwan ƙasarsu, suka raɗa wa abin da suka samu sunayen gargajiyarsu, Samba da Tufan da Yara. Ko a Jidda, wanda aka samo a ruwan kwatami a 2016 da sunan Jami'ar Sarki Abdul'aziz aka raɗa masa. A cikin waɗannan sunaye da suka shahara babu Kano, babu Tiga, babu Falgore.

Alhali kuwa duba abin da ke kudancin jiharmu. Ga madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, mai ɗaukar ruwa kusan mita murabba'i mai zurfi biliyan 2. Ga Kogin Kano da ke ratsa dajin Falgore kafin ya zubo cikinta. Ga fadamun shinkafa da rake na Tudun Wada da Kiru, waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani, watau halittun cikinsu sun saba da rayuwa mai wuya. Ga tsaunukan Riruwai a ƙasar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, aka bar ramuka ruwa ya kwanta a kan duwatsu masu ma'adinai. Ga mashayar shanu, ga rijiyoyin gari. A tafiyar yini guda ɗalibi zai iya cika kwalba daga ruwa iri biyar ko shida waɗanda halinsu ya sha bamban. Masanan da suka je Siberiya sun sha wahalar da ta fi wannan.

Masu cewa ciki da yunwa

Na san abin da wasu 'yan'uwa, musamman waɗanda suka fara aikin gwamnati suka ga yadda ake rabon kasafi, za su ce. Za su ce ƙasar da zazzaɓi da amai da gudawa ke kashe yara, ina ta ga kuɗin leƙen cikin amiba? Maganarsu tana da nauyi, ba kuwa zan yi alkawarin cewa magani na kwance a ramin Riruwai ba. Amma ga abu uku.

Na ɗaya, aikin farko ba mai tsada ba ne. Ana renon amiba a faranti, a zuba maganin kashe bakteriya, a ɗiga ruwan da aka ɗebo, a sa ido da madubin ƙara girma. In amibar ta fara fashewa, to, akwai baƙo. Abin da ke bukata shi ne tsabta, da kiyaye ido da hannu domin wasu amiba na iya cutar da ido, da wutar lantarki mai ɗorewa, da haƙuri. Karanta kundin ne ke son na'ura, ita ma tana ƙasar nan. Cibiyar da Farfesa Christian Happi ke shugabanta a Ede ita ce ta fara karanta kundin korona a Afirka a watan Maris na 2020, kuma akwai na'urar karatun DNA da ba ta fi tafin hannu ba, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015.

Na biyu, mun riga mun iya ɗiban ruwa. A Kano aka fara binciken ruwan kwatami domin farautar bairos ɗin shan-inna a Nijeriya, a 2011, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya kai Afirka ga shelar rabuwa da shan-inna na daji a 2020. Hannun da ya koyi farautar ƙato a Tiga, shi ne zai gane baƙuwar cuta ran da ta ɓulla a garken Falgore.

Na uku, tarihi ya sha kunyata masu raina binciken da ba a ga amfaninsa nan take ba. Thomas Brock ya samo wata bakteriya a marmaro mai zafi a Amurka, ya bayyana ta a 1969, babu wanda ya ga abin da za ta tsinana. Daga jikinta aka sami sinadarin da ya sauƙaƙa gwajin da ake gano korona da zazzaɓin Lassa da shi. Francisco Mojica yana ɗalibi a Sifen ya lura da wasu haruffa masu maimaita kansu a kundin halittun tafkin gishiri, a farkon shekarun 1990. Daga baya aka gane makami ne da suke yaƙar bairos da shi, masana suka mai da shi almakashin gyaran kundin gado, a ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da maganin amosanin jini na farko da aka yi da wannan almakashi. Wace ƙasa ce ta fi Nijeriya yawan masu amosanin jini? Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi kan tsone maka ido.

Abin da ya kamata mu yi

Ina kira ga sassan nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'ar kimiyya ta Wudil, su ware wasu daga ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe domin wannan farauta, a riƙa ɗiban ruwa daga wurare guda damina da rani, shekara bayan shekara, kowane aji ya miƙa wa na bayansa littafin abin da ya gani. Ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Tiga ke hannunta, ta buɗe wa ɗalibai ƙofa. Ina kira ga asusun TETFund ya ɗauki nauyin kayan aiki, a kuma ƙulla zumunci da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ta Ede. In za a yi haɗin gwiwa da Turawa, madalla, muna bukatar gwanintarsu, amma a rubuta tun farko cewa kwafin samfur zai zauna a gida, sunan ɗalibin da ya sunkuya zai hau takarda. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta amince cewa ƙasa tana da haƙƙi a kan dukiyar gadon halittun da ke cikinta.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan asalin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, nauyi na musamman yana kanku. Kada wanda ya je da kwalba bakin rijiyar mutane bai fara gaida dagaci da mai unguwa ya yi musu bayani da harshen da suke ji ba. Abin da ya faru da allurar shan-inna a 2003 ya isa ya koya mana cewa ilmin da bai nemi yardar jama'a ba, tafiyarsa gajeriya ce. Wannan ma shi ya sa ya kamata mu zauna mu daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, domin abin da ba ka iya faɗa wa mahaifiyarka ba, kai ma ba ka gama fahimtarsa ba.

Ƙungiyar ɗalibai takan kashe kuɗi a makon al'adu da gasar ƙwallo, ba kuwa laifi ba ne. Ina roƙon majalisar ƙungiya ta ware kuɗin mota guda da kwalabe ɗari a zangon karatu mai zuwa, malamanmu su ja gaba, a nufi Tiga da Riruwai. Mai yiwuwa zubin farko ba a sami komai ba, Rowbotham ma shekara goma abinsa ya yi a ajiye. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu himma, ya sa mu dace, amin.